Tsohon keke mai giya da dubu talatin a hannu: a gyara shi ko a kai kasuwa?

Ɗan_Garki:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema wajen masana keke. Nawa irin mai giya ɗin nan ne da ake ce wa na hawan dutse, na hannu ne, ba shi da wani suna da aka sani. Taya 26, giya 18, uku a gaba shida a baya, shokozoba a gaba kaɗai, ita ma ta ƙame. Sarƙa tana tsalle idan na danna feda da ƙarfi. Birkin baya sai hannun ya kusa taɓa kan keke kafin ya kama. Ƙafar baya tana rawa, tayoyi sun tsattsage, faci kusan kowane mako. Tafiyar kullum kilomita 9 zuwa 9 dawowa, rabi burji rabi yashi, wani lokaci da kaya a baya. Abin da zan iya fitarwa naira 30,000 ne. Wani ya ce in sa masa birkin dis, wato mai kama faifai a tsakiyar ƙafa, da giya 21 da sabuwar shokozoba, wani ya ce asarar kuɗi ce kawai. Ina mafita?

Bakaniken_Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fitar da ko sisi sai ka duba firam, don shi kaɗai ne ba a canzawa. Ka wanke keken tas, ya bushe, ka kife shi a rana. Wuri huɗu ake dubawa: ƙarƙashin wuya inda bututun ƙasa ya haɗu da na fok, kewayen gidan boris na tsakiya inda feda take juyawa, bakin bututun sirdi, sai kunnuwan baya da ƙafa take shiga. Idan ka ga fenti ya yi siririn layi kamar gashi kuma tsatsa tana ɓullowa ta ciki, tsaga ce, ba ƙarzuwa ba. Idan fenti ya tattare a bayan wuya, keken ya taɓa yin karo ta gaba.

Sai ka kara masa mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, mai waldar gas zai iya ɗinke ƙaramar tsaga. In bai kama ba alminiyam ne, shi kuwa ba aikin mai waldar bakin hanya ba ne, ko an like sai ya sake buɗewa a gefen waldar.

Akwai gwajin zare kuma. Ka ɗaura zare a kunnen baya na dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka ɗaure a kunnen hagu, ya miƙe sosai. Ka auna tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan bambancin ya wuce milimita 3, bayan keken ya karkace, shi ya sa wasu kekunan suke cin taya ta gefe ɗaya. Ka kuma kwance notin sirdi ka ga ko sandar tana motsi, don wasu tsatsa ta riga ta haɗe su da firam. Ka yi waɗannan ka dawo mana da labari.

Na_Babura:
Ni dai a gajarce: ka sayar, ka haɗa da dubu talatin ɗin ka nemi Phoenix ko Hero na hannu. Kayansa ko a kasuwar ƙauye akwai, kowane mai gyara ya san shi, ba waya ba giya. Waɗannan masu giyar marasa suna an yi su ne don a gani a saya, ba don a mora ba.

Baba_Mai_Faci:
Na_Babura, ɗana, ka manta ya ce rabin hanyarsa yashi ce. Tayar Phoenix faɗinta inci ɗaya da rabi, da ta shiga rairayi sai ta nutse, mai keke ya sauka ya tura. Tayar 26 mai faɗin inci biyu tana hawa kan yashi. Wannan ita ce babbar darajar keken nan a ƙasar Garki da Gumel da Maigatari, ba giyar ba.

Ɗan_Garki, rabin kuɗinka taya da tub zai tafi, kuma nan ya dace ya tafi. Amma kafin ka saya, ka karanta tsohon tub ɗinka, shi zai faɗa maka ciwon. Huda ta bayan tub, wajen da yake kallon ƙasa, ƙaya ce, tsidau ko aduwa ko bagaruwa. Huda ta cikin ciki, wajen rim, kan sifok ne ya leƙo, ko robar da ke shimfiɗe a cikin rim ta mutu. Huda biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, rim ya datse tub a kan dutse. Yagewa a gindin bawul ita ma ƙarancin iska ce, taya tana zamewa tana jan tub. Mutane da yawa suna sayen sabuwar taya alhali kan sifok ɗaya ne yake cinye musu kuɗi. A goge shi da fayil, a yanka tsohon tub a shimfiɗa zagaye biyu a cikin rim, magana ta ƙare.

Malamin_Lissafi:
Maganar tsallen sarƙa ba sai an yi hasashe ba, ana aunawa. Daga fil zuwa fil a sarƙar keke rabin inci ne. Ka danna feda kaɗan sarƙar ta miƙe, ka ɗora rula a tsakiyar fil ɗaya, ka ƙirga fil 24 gaba. A sabuwar sarƙa na 24 ɗin yana faɗawa kan inci 12 cif, wato milimita 304.8. Idan ya kai 12 da 1/16, sarƙa kaɗai za a canza. Idan ya kai 12 da 1/8, wato ta ƙaru da kusan milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran firiwil, wato jerin giyar ƙafar baya, sai a canza su tare. Ba miƙewa ƙarfen yake yi ba, yashi ne yake shiga tsakanin fil da gidansa yana gogawa har rami ya faɗaɗa.

Sarkin_Sufana:
Abin da Malamin_Lissafi ya faɗa na ƙarshe a riƙe shi da kyau. Sabuwar sarƙa a kan tsohon firiwil tsallenta ya fi na tsohuwar muni, saboda tsohuwar sun ci juna sun saba. Sai mutum ya ce an sayar masa da jabu, alhali haƙora ne suka ƙare. Kuma sarƙar da za ka nema mai faɗin inci 3/32 ce, wadda ake rubuta wa 6, 7, 8. Ta Phoenix 1/8 ce, ta yi kauri, ba za ta shiga tsakanin haƙoran giya shida ba.

Ɗan_Garki:
Allah ya saka da alheri. Na duba. Mayen ƙarfe ya kama firam, bai kama rim ba. Ban ga tsaga ba, zare kuma bambancin bai kai milimita 2 ba, sirdi yana motsi. Sarƙa ta wuce 12 da 1/8. Hudar yawanci ta bayan tub ce, biyu ne ta ciki. Birkin irin mai dogayen hannuwa biyu ne da waya take ratsawa ta sama.

Bakaniken_Ringim:
To alhamdulillahi, keken ya cancanci gyara. Firam na ƙarfe lafiyayye, rim na alminiyam, birkin V. Da rim ɗin na ƙarfe ne da na yi shakka, don shi da ruwa ya taɓa shi birki ya tafi hutu.

Yanzu rawar ƙafar baya. Iri biyu ce, kada a haɗa su. Ka ɗaga bayan keken, ka kama taya ka tura ta dama da hagu. In ka ji ƙwas-ƙwas, matsalar a hob take, wato cibiyar ƙafa: boris, kon da boris ke birgima a kai, ko shaf, sandar da ta ratsa tsakiya. In ba ka ji komai ba amma da ka juya ƙafar rim yana matsowa kusa da robar birki yana komawa, ɗaurin sifok ne.

Na hob: a cire firiwil, a kwance ta gefen hagu, a zaro shaf. Boris ɗin baya tara ne kowane gefe, masu girman inci 1/4, jimla 18. Na gaba goma-goma ne, masu 3/16. A zubar da tsofaffin duka, ba a haɗa sabo da tsoho. A wanke da kalanzir. Ka mirgina shaf a kan gilashi ko tebur mai santsi, in yana ɗingishi ya lanƙwashe, a canza, kada a yarda a miƙar da guduma don karyewa zai yi daga baya. Ka duba kon, in hanyar da boris ke bi ta yi ramuka kamar zanzana, a canza. Sai ka leƙa kofin da ke cikin hob, shi ne mai hukunci. In yana da santsi, an tsira. A cika giris, a jera boris, a ɗaure har wasa ya ɓace amma shaf yana juyawa da yatsu biyu. Ana buƙatar siririyar sufana 15 ta riƙe kon yayin da ake matse noti na 17 a kansa. Masu gyara da yawa ba su da siririyar, sai su matse noti kawai, bayan kwana uku ya sake kwancewa ko ya ƙara matsewa ya niƙe boris.

Na sifok kuwa, kwata-kwatan juyi ake yi, ba a cika hannu. Inda rim ya karkata dama, a ɗan matse na hagu a ɗan saki na dama. In sifok ya yi tsatsa, a ɗiga mai a kan nonon, wato ƙaramin notin da ke riƙe shi a rim, tun daren jiya.

Matashin_Wudil:
Oga Bakanike, amma birkin dis fa? Ai ya fi kamawa, kuma ko rim ya karkace ba ruwansa.

Injiniya_Kazaure:
Ƙanena Matashin_Wudil, a keken da aka ƙera da shi haka ne. A wannan kuwa lissafin ba ya fita. Dis yana buƙatar kunnuwa biyu a jikin fok da biyu a jikin firam da za a ɗaura kan birkin, kuma yana buƙatar hob mai ramukan ƙusa shida da faifan zai zauna. Keken Ɗan_Garki ba shi da ko ɗaya. Wato sabon hob gaba da baya, a warware sifok 36 a sake saƙawa sau biyu, sabon fok, sannan a rasa inda za a ɗaura na baya. Ƙarfen da ake sayarwa na maƙalawa a kunnen baya yana juyawa idan an taka birki da ƙarfi, walda kuma a siririn bututun da ba a yi shi don wannan nauyin ba, garin neman gira a rasa ido ke nan. Ga shi ƙasarmu wata bakwai zuwa takwas ba ruwan sama, inda dis ya fi birkin rim nesa ba kusa ba shi ne cikin taɓo.

Birkin V da aka saita daidai yana tsayar da ƙafa cak. Abin da ke kashe shi uku ne: waya ta yi tsatsa a cikin rigarta, roba ta ƙame, hannun birki na roba yana lanƙwashewa. A sayi sabuwar waya da riga da robobi huɗu. A kula, rigar wayar birki milimita 5 ce, ƙarfen cikinta a naɗe yake kamar sifirin. Ta giya milimita 4 ce, wayoyin cikinta a miƙe suke, in aka sa ta a birki tana iya fashewa ranar da aka fi buƙatarta. Wajen ɗaura roba, ta zauna a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, tazararta da rim kamar milimita 2. Ka ninka katin waya ka sa a ƙarshen robar na baya kafin ka matse noti, don gabanta ya riga taɓawa, shi ke hana kuka. Ƙananan sukurori biyu na gindin hannuwan su ke daidaita sifirin, in gefe ɗaya yana gogar rim ka matse na wannan gefen rabin juyi. In hannun birkin na roba ne, a sa na alminiyam, amma a tabbatar na birkin V ne, don na tsohon birki ba ya jan waya da yawa, sai ya taɓa kan keke kafin ya kama.

Sarkin_Sufana:
Giya 21 ma a manta da ita. Firiwil mai shida da mai bakwai yawanci duk daga haƙori 14 zuwa 28 suke, wato mafi sauƙi da mafi nauyi ba su canza ba, mataki ɗaya aka cusa a tsakiya. Kuma sai ka sayi sabon hannun giya mai bakwai, a ƙara wosha a shaf, a sake karkata sifok. Abin da ya fi muni, firiwil mai bakwai ya fi faɗi, yana ƙara nisa tsakanin boris na dama da kunnen firam. Wannan guntun shaf ɗin da ba shi da madogara shi ne yake lanƙwashewa idan an ɗora kaya. Mai ɗaukar kaya ya zauna a shida.

Na_Babura:
To kun ga abin da nake faɗa. Shaf mai lanƙwashewa da kaya. Phoenix ana ɗora masa buhu, ana ɗora jarka huɗu, bai san wannan ciwon ba.

Bahaɗeje:
Akwai hanya ta tsakiya da ba wanda ya ambata: a cire giyar gaba ɗaya. Daga Haɗeja zuwa Garki ina tudun yake? A cire injin giya na gaba da na baya da wayoyinsu da hannuwansu, a ɗora sarƙa a faifan tsakiya, a zaɓi haƙori 18 ko makamancinsa a baya, a rage tsawon sarƙa. An huta da sayen waya biyu, an huta da injin da kullum kara ko ciyawa take shiga. Sharaɗi ɗaya: ka duba kunnen baya. In tsagarsa doguwa ce a kwance, za ka iya ja da ƙafa baya ka ɗame sarƙa. In gajeriya ce tana kallon ƙasa, ba wurin ja, sai ka bar injin baya a wurin ya zama mai ɗame sarƙa kawai, ka kulle shi da sukurorinsa biyu masu alamar H da L a kan haƙorin da ka zaɓa.

Na_Doguwa:
Bahaɗeje, ba kowa ne yake zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Ka zo wajen Riruwai ko duwatsun Kazaure da giya ɗaya ka gani. Kuma ko a Jigawa, yashi tudu ne a kwance. Ga iskar hunturu in ta tunkaro ka daga gabas da safe. Mai kaya a baya cikin rairayi yana buƙatar giya mai sauƙi ko da ba tudu.

Malamin_Lissafi:
Bari a sa lamba a gardamar nan. Tayar 26 mai faɗin 1.95 tana cin kusan mita 2.05 a juyi ɗaya. In faifan gaba irin 42, 34, 24 ne, to 34 a gaba da 18 a baya yana ba ka kusan mita 3.9 a kowane zagayen feda. Mafi sauƙi, 24 da 28, kusan mita 1.8. Mafi nauyi, 42 da 14, ya ɗan wuce mita 6. Phoenix mai 44 da 18 a kan taya 28 yana wajen mita 5 da rabi, shi ya sa yake gudu a kwalta yake kashe gwiwa a yashi. Ke nan shawarar Bahaɗeje ta fi Phoenix sauƙin tuƙi a rairayi, amma a burji ƙafa za ta riƙa juyawa da sauri ba a cin ƙasa. Ni a ganina a bar shida na baya, su ne masu amfani. Na gaba in injinsa ya lalace a cire, a bar sarƙa a faifan tsakiya. Daga 34 da 28 zuwa 34 da 14, wato mita 2.5 zuwa 5, ya ishi hanyar da ya kwatanta.

Matashin_Wudil:
Tunda ana maganar sarƙa, baƙin mai na inji ba ya yi? Shi kowa yake zubawa.

Baba_Mai_Faci:
Shi kowa yake zubawa, shi ya sa kowa yake sayen sarƙa. Baƙin mai da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe, ga danƙo, ƙura ta hau ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Man gyaɗa da manja su kuma daskarewa suke yi su zama ƙaro. Sabon man inji cokali ɗaya ya ishe ka wata da watanni. Ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa ta cikin sarƙa, a juya feda baya sau ashirin, a bar shi ya shiga, sannan a goge bayan da tsumma har ya zama kamar ba a sa ba. Man da ake gani a waje ba ya aikin komai sai kiran yashi. Da hunturu a riƙa gogewa da busasshen tsumma duk bayan kwana biyu.

Injiniya_Kazaure:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: sabuwar sarƙa tana zuwa da man kamfani a cikinta, kada a jiƙa ta a fetur ko kalanzir, a goge bayanta kawai. Kuma mai ko ɗigo kada ya taɓa rim.

Ɗan_Garki:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Saura shokozoba. A bar ta a ƙame ko a canza?

Bakaniken_Ringim:
Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, hannunka ɗaya a wuya. In ƙwas ɗin a wuya yake, boris ɗin wuya ne, a ɗaure. In a ƙafafun shokozoba yake, inda siririn bututu yake shiga babba, robobin ciki sun cinye. In ba wasa ko kaɗan, ta ƙame ne kawai, ka bar ta, ta zama fok mai nauyi, ba ta cin kuɗi. Sabuwar shokozoba mai araha sifirin ne kawai a cikin bututu, ba mai, ba abin da ke riƙe dawowarta, ƙurar shekara ɗaya ta mayar da ita yadda taka take yanzu.

In tana wasa sosai, fok sandararre na hannu za ka nema, ya fi ta sauƙi da kusan kilo guda. Ka tafi da tsohon a hannu. Kaurin bututun wuya ya zo ɗaya, ko inci 1 ko 1 da 1/8. Yadda za ka gane: in sandar kan keke mai shiga ciki milimita 22.2 ce, inci 1 ne, in 25.4 ce, 1 da 1/8 ne. Tsawon bututun da tiredinsa su kai, ya zama yana da ƙahonin ɗaura birkin V na taya 26, kuma tsawon ƙafafunsa kada ya gaza na tsohon da yawa, in ba haka ba gaban keken zai sunkuya, kai ya riƙa fizga.

Mai_Shagon_Kaya:
Ba zan faɗi farashi ba don na wannan makon ba shi ne na makon gobe ba, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 keke da kayansa suka yi daraja. Amma ga yadda ake tsara sayayya in kuɗi ba su da yawa. Boris, giris, kon, wayar birki da robobi su ne farko, kuɗinsu kaɗan ne, aikinsu ya fi na komai. Sai sarƙa da firiwil tare. Sai taya. In kuɗin taya biyu bai kai ba, a sayi ɗaya mai kyau. Kuɗin aiki ma a ware shi tun farko, mutane suna mantawa da shi.

Wajen taya kada ka ce wa mai shago "26" kawai. Ka duba jikin tsohuwar, akwai lamba kamar 50-559 ko 57-559. Wannan 559 ɗin ita ce girman rim ɗinka. Akwai wata 26 ɗin, mai 1 da 3/8, lambarta 590, ba za ta zauna ba ko an yi da gaske. Ta Phoenix 635 ce. Ka duba bawul ɗin tub ya zama irin na babur, don ko'ina za a ba ka iska. Firiwil kuma sunan Shimano da ke jiki ba hujja ba ce, jabu ma yana da shi. Ka juya shi a hannu, ka ji ƙarar ta fito daidai, kada ya yi lilo, ka duba haƙoran ba su da kaifin yanka. Kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis za ka iya dacewa, Sabon Gari a Kano ya fi zaɓi, amma ka sa kuɗin mota a lissafi.

Sarkin_Sufana:
Alhaji, sabuwar tayar guda ɗaya a ina za a sa ta? Masu littafi suna cewa gaba, don in ta gaba ta fashe a guje faɗuwa ce.

Baba_Mai_Faci:
Masu littafi ba su ɗauki buhu ba. Baya ke ɗauke da nauyi, baya ke cin ƙaya, baya ke da wahalar cirewa. Sabuwa ta tafi baya, wadda ta fi lafiya a tsofaffin biyu ta koma gaba, in dai zarenta bai fito ba kuma ba ta kumbura ta gefe ba. In duk biyun zare ya fito, to ba zaɓi, biyu za a saya ko da firiwil zai jira. Ragowar tsohuwar kada a yar. A yanke wayoyin bakinta biyu, a goge gefen ya yi laushi, a shimfiɗa ta cikin sabuwar tsakanin taya da tub. Tana ƙara nauyi, amma tsidau ba ya kaiwa ga tub. Iska kuma a geji: 40 zuwa 45 a burji ko da kaya, in yashi ya yi yawa kuma ba kaya a sauko wajen 30 a gaba.

Injiniya_Kazaure:
A nan ni ina tare da Sarkin_Sufana, Baba ka yi haƙuri. Taya mai tsattsagewa a gaba ba abin wasa ba ce a gangaren burji. Amma sharaɗin da ka sa na zare ya rage gardamar.

Na_Doguwa:
Maganar kaya da Na_Babura ya tayar ba a amsa ta ba. Kariyar ɗaukar kaya da ake ɗaurawa da ƙananan ƙusoshi a irin wannan keken yawanci kilo 25 aka yi ta ta ɗauka, wato jarka ɗaya mai lita 25. In abin da Ɗan_Garki yake ɗauka bai wuce haka ba, lafiya. In jarka biyu ne zuwa sama kullum, gaskiyar Na_Babura ce, ba keken aikin ba ne.

Ɗan_Garki:
Kayan ba ya wuce kwano goma na hatsi, shi ma ranar kasuwa. An buɗe hob ɗin baya yau. Shaf ya lanƙwashe, kon na dama ya yi ramuka. Kofin hagu lafiya, na dama akwai 'yan ɗigo-ɗigo guda uku da farce yake ji. Faifan tsakiya na gaba kuma haƙoransa sun ɗan yi tsini.

Na_Babura:
Ga shi nan an fara. Kofi ya tafi, sai sabon hob, sai saƙa, sai faifan gaba wanda a haɗe yake da ribit, ba a canza ɗaya sai duka. Ka lissafa kafin ka sayi ko boris. In jimlar ta haura rabin kuɗin keke na hannu mai lafiya, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Bakaniken_Ringim:
Ɗigo uku ba mutuwar hob ba ce. Ka naɗe 'yar sanfefa mai laushi a yatsa ka goge bakin ramukan su kwanta, sabon kon, sabon boris, giris da yawa, a ɗaure shi da ɗan sassauci kaɗan, a riƙa buɗewa ana sabunta giris farkon damina da ƙarshenta. Zai ɗan yi gurnani amma zai yi tafiya. In an samu ƙafar baya ta hannu sukutum mai rim na alminiyam da araha, ta fi sayen hob da biyan saƙa, sai dai a auna faɗin tsakanin kunnuwan firam, ko milimita 130 ko 135. Faifan gaba na ƙarfe yana jure fiye da yadda ake zato, wasu haƙoran ma da ma gajeru aka yi su don canjin giya. A sa sabuwar sarƙa a gwada tukuna. In ba ta zamewa a gaba kuma ba ta maƙalewa a ƙasan faifan, a bar shi.

Sarkin_Sufana:
Shaf ɗin ka tafi da shi kasuwa tare da kon da notinsa. Akwai mai tiredin 3/8 akwai mai milimita 10, a ido kamar ɗaya suke, noti yana shiga juyi biyu ya cije. Ka sayi shaf da kon da noti saiti guda, ka jera woshoshin dama yadda ka same su, kuma a shafa giris a tiredin hob kafin a ɗaura sabon firiwil, in ba haka ba wanda zai cire shi nan gaba sai ya haɗa da bais, matsewar ƙarfe ta kan teburin maƙeri.